Akuya ta Talatin da Ɗaya

Jiya na zuba muku 'yan kunnen awaki talatin a kan tebur, na ba ku sanda na ce ku ƙirga. Kun matsa maɓalli, ta yi ƙit-ƙit ɗinta, ta nuna talatin da ɗaya. Kun sake matsawa, talatin da ɗaya. Sai wancan dogon mai tabarau, wanda na tabbata bai taɓa riƙe ƙafar akuya ba, ya ce da faransanci wai na'urar ta lalace, a kawo sabuwa. Wata kuma daga baya ta ce wannan ai ba aiki ba ne, matsa maɓalli ne kawai mutum ya hau moto ya tafi. Na ji ku sarai, ban tanka ba don ina cin goro. Yau goron ya ƙare, sai ku gyara zama.

Ni Sani ba da sanda na fara ba, da allura na fara, nan Tasawa. Shekara uku ina bin wani tsohon malamin dabbobi da akwatin ƙanƙara a ka, kafin ya yarda in soki ko da tunkiya. Dabbar da aka yi wa allura sai mu shafa mata shuɗi a gadon baya, ruwan farko ya wanke, mu dawo mu sake gardama da mai ita. Ƙirga kuwa da ido muke yi, mu cika sauran da addu'a. Ka tambayi makiyayi shanunsa nawa, ya ce maka alhamdu lillahi. To wannan ita ce lambar, ba za ka samu wata ba ko za ka wuni a gindin sandarsa.

Daga baya wani furoje, irin ƙungiyoyin nan masu tallafa wa karkara, ya ɗauke ni aikin habbanaye. Ga wanda ya tashi a birni: mace ake ba jar akuya, in ta haihu ta yaye, sai ta miƙa ɗiya guda ga maƙwabciyarta da ke jiran layi. Kowace akuya muna sa mata ɗan kunne na roba, irin wanda kuka gani jiya, sababbin haihuwa kuma sau ɗaya a shekara muke sa musu, bayan kaka. Wadda ta kawo mana na'urar ƙirga wata injiniya ce, Madam Balki, sa'ar ɗiyata ta fari. Abin ya fi kama da bindigar wasan yara mai faffaɗan kai, amma ba a cewa jandarma a hanyar Mayahi kana ɗauke da bindiga cikin jaka. Shi ya sa muka raɗa mata sanda.

Ranar farko na riƙe ɗan kunnen na juya shi gaba da baya, na ce, "Madam, ina batir ɗinsa?"

Ta ce, "Ba shi da batir, Baba Sani."

Na ce, "To abin da ba shi da batir kuma yana magana, a garinmu aljani muke ce mashi."

Ba ta yi dariya ba. Ta sa wuƙa ta tsaga guda ta nuna mini cikinsa: wata ƙwaya da ba ta kai ƙwayar gero ba, da siririyar waya ta kewaye ta. Sanda ce ke watso igiyar rediyo, wayar nan ta tsotsi ɗan wuta daga ciki, ƙwayar ta farka, ta faɗi lambarta, ta koma barci. Da guda ɗaya ne da babu labari. Amma in arba'in ne a garke ɗaya, tare suke farkawa, tare suke buɗe baki, sanda ba ta jin komai sai hayaniya irin ta ranar rabon taki.

Ga dabarar da take yi, ku saurara, don wannan ƙit-ƙit da kuka raina ba waƙa ba ce. Sanda ba ta san sunan kowa ba kafin ta zo, ba kamar malamin lakwal da ke kiran sunan 'yan aji daga takarda ba. Sai ta ce kowane ɗan kunne ya zaɓi lamba a ransa, a ce daga sifili zuwa sha biyar. Wanda ya zaɓi sifili shi ke da magana. In shi kaɗai ne, ta ji shi, ta karɓi cikakkiyar lambarsa, ta ce ya rufe baki har a gama. Sannan ta ce sauran kowa ya rage ɗaya daga abin da ya riƙe, wanda nasa ya sauko sifili ya yi magana. In biyu suka buɗe baki tare, ta ƙyale su, su sake zaɓa a zagaye na gaba. In ta ga karo ya yi yawa, ta san jama'a na da yawa, sai ta faɗaɗa lambobin da za a zaɓa. In kuma ta yi ta kira tana jin shiru, ta rage su, don kada ta ɓata lokaci wajen gaida kujeru. Haka take yi har ba wanda ya rage bai amsa ba, kuma duk wannan kafin ka gama atishawa. Na ce wa Madam a ba mai garinmu guda, shekara talatin yana neman yadda zai sa mutane su yi magana ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana a wani ƙauye arewa da Mayahi na matsa na samu ashirin da shida, alhali awaki talatin da biyu ne tsaye a gabana suna kallona. Sun cunkushe ne jikin kwamin ƙarfe suna shan ruwa. Abu biyu sanda ba ta shiri da su, ƙarfe da ruwa, ita kuwa akuya salkar ruwa ce mai ƙafa huɗu. Kunnen da ya ɓuya bayan cikin wata ba ya samun wutar da zai farka. Ranar na koyi ɗaga sanda sama da kaina, in kewaya garken a hankali, in watsa ɗan dusa gefe don su motsa su juya kawunansu. Wani zuwan kuma wajen Koona na samu hamsin da biyu inda ya kamata in samu talatin da biyar. Na cika ƙarfin sandar ne har ƙarshe, ta tsallaka darni ta gaisa da awakin wata ƙungiya da ake korawa rijiya. Ƙarfin nan da kuke gani a gefen gilashi ba ado ba ne, a garke ƙarami rage shi ake yi.

Mai hankali da ya ga abin da ya faru a Koona sai ya koyi rage ƙarfi. Ni abin da na koya shi ne sanda tana ji ta bayan darni.

Akwai wani ƙauye bayan Korgom, ba zan faɗi sunansa ba, inda rairayi ke cinye tayar moto har gindi. Shugabar matan wurin Inna Tabawa ce, tsohuwa 'yar siririya mai murya kamar ta mutum uku. Ita da matanta Mushe suke ce mini, wato malam da faransanci, yadda ake ce wa malamin lakwal, don sun gan ni da alƙalami a aljihu. Ranar da na sa wa awakinsu arba'in 'yan kunne, akuyar Inna, wadda take kira Lele, ta cinye mini kusurwar takarda ina tsaka da rubuta lambarta, mai ƙarewa da ɗari biyu da huɗu. Da na gama na tara matan na yi musu jawabi irin na manya. Ina tsoron kada yara su ɓalle robar su yi wasa da ita, sai na ƙara gishiri, na ce duk wadda ɗan kunnen akuyarta bai amsa ba ranar ƙirga, an fitar da ita daga layi. Ba wanda ya aike ni da wannan magana, daga kaina na ƙago ta.

Kowane wata suna tara awakin duka a gidan Inna Tabawa in zo in ƙirga. Shiga gidan nan kuwa wuni ne. Sai ka yi sallama ka jira, a shimfiɗa tabarma, a dama fura, Inna ta ba ka labarin ciwon gwiwarta tun daga farko, ga ƙauye biyar na jiranka, ga esansi ƙwaya-ƙwaya a tankin moto. Wani wata na makara, na tsaya bayan darni ko moto ban kashe ba, na cika ƙarfi na matsa. Arba'in cif. Na ɗaga murya na ce Inna an gama, sai wata mai zuwa. Da ta tambayi dalili, na ce ai gidan mata ne, bai kamata namiji ya riƙa kutsawa ba. Na ji ta ta cikin darni tana cewa, "Kun ji Mushe mai kumya, Allah shi yi mai albarka." Na karɓi albarkar na sa a aljihu na ƙara wuta.

Sai ga muguwar shekarar. Ruwa ya ɗauke, gero na cikin bununi, aka tashi ba hatsi, ba kara, ba harawa. Kafin tsakiyar bazara awaki na cin leda da tsumma, makiyaya na kora shanu kudu suna barin wasu a hanya. Duk ƙauyen da na shiga ana miƙo mini 'yan kunnen matattu a tafin hannu, don doka ita ce in akuya ta mutu a dawo da nata biro, wato ofishinmu. Ban da ƙauyen Inna Tabawa. Wata biyar ina tsayawa bayan darni, wata biyar arba'in. Madam Balki har ta yabe su a taro, ta ce za a kai matan wasu garuruwa su koyi kiwo a wurinsu, ta ce Baba Sani ya iya bin mutanensa. Na sunkuyar da kai irin na mai tawali'u. Da furoje ya samo dusa kamyo guda, babbar mota cike, aka ce ba za ta ishi kowa ba, a fara da inda mutuwa ta fi yawa a rahoto. Ƙauyen da ba a mutu ba kuwa ba ya cikin lissafi.

Rana dubu ta ɓarawo. Ran kasuwar Tasawa ina zaune a biro ina shan shayi, sai ga Inna Tabawa ta sauko daga amalanke, zanenta fari fat da ƙura. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta tsaya gaban Madam.

"Ɗiyata, ke ta babba nan? Na zo in ji laihin da munka yi. Kamyon dusa ya bi ta bakin garinmu, ko tsayawa bai yi ba."

Madam ta ba ta kujera ta ce, "Inna, ai ku ba ku da matsala. Awakinku arba'in, ba wadda ta mutu."

"Wa ya hwaɗi?"

"Sanda."

Sai a lokacin Inna ta juyo ta dube ni, daga hula har takalmi. Ta ce, "Sandar ga ta taɓa shigowa gidana?"

Washegari da safe muka tafi, ni da Madam a moto ɗaya. An tara awakin kamar kullum. Madam ta ce in tsaya inda na saba tsayawa in yi yadda na saba yi. Na matsa, ina roƙon Allah sandar ta ba ni kunya ta nuna ashirin. Ta nuna arba'in. Muka yi sallama muka shiga. Awaki sha bakwai na ƙirga da idona, har da ƙanana, kowace kana iya ƙirga haƙarƙarinta daga bakin ƙofa.

Madam ta ce, "To Baba Sani, nemo mini sauran ashirin da ukun."

A nan aikin ya dawo hannuna, don wannan kam na iya. Na rage ƙarfin sanda har ƙasa, yadda ba ta jin komai sai abin da ke gaban hancinta, na sa ana jawo mini awakin ɗai-ɗai bayan rumbu. Ta farko ta amsa suna ɗaya. Ta biyu ta amsa uku. Wata gurguwa ta amsa biyar, na ɗaga gashin wuyanta na ga 'yan kunne huɗu jere a tsirkiyar fata kamar layu. Aka jawo wani ɗan bunsuru, sanda ta ce wannan akuya ce da ta haihu sau biyu. Ɗan kunnen nan an yi shi ne yadda ba ya ɓalluwa sai ya karye, amma kunnen matacciyar akuya ba ya gardama da wuƙa. Kunnen suke tsagawa su zare robar lafiya lau.

Madam ta riƙe tsirkiyar ta ce, "Inna, wannan fa?"

Inna ta ce, "Ɗan kunnen uwatta na. Uwa ta mutu, wa za shi gada in ba ɗiya ba? Ku can birni yas da shi kuke?"

"To wannan mai biyar?"

"Waɗanda ba su bar ɗiya ba, anka ɗaura ma 'yar uwa. Ɗan bunsurun can kau uwatai ba ta bar mace ba, sai shi." Ta nuna ni da haɓa. "Kuma Mushe da bakinai ya ce muna wadda nata bai amsa ba an hidda ta daga layi. To ga su nan, kowa na amsawa. Mu mun zaci abin da kuke so ke nan."

Ba ta faɗa da faɗa ba, da gaskiyarta ta faɗa, shi ya sa ya fi zafi. Na ji kunya, ta gaske wannan karon, ba irin wadda ake yi wa albarka ba. A gindin turmi wata 'yar budurwar akuya na kwance, ta kasa tashi a kai ta bayan rumbu, sai ni na je na same ta. Sanda ta nuna ɗari biyu da huɗu. Na ce Inna wannan ba Lele ba ce. Ta ce Lele ta tafi tun wata uku, wannan ɗiyarta ce, ta gaji ɗan kunnen ta gaji sunan, kuma ita kaɗai ta rage mata. Ta shafa wuyanta ta ce, "Dusar ga yaushe za ta zo?"

A hanya Madam ta ce in tsaya, ta gaya mini yadda abin yake. Na'urar biro ta san arba'in, manya ma arba'in suka sani. Ba za a sa ƙauyen cikin rabo na gaba ba sai da takarda mai sa hannun wanda ya yi ƙirgar, yana cewa rahoton wata biyar ba gaskiya ba ne, da dalili. Ta ce, "Ba zan rubuta maka ba, ba zan tilasta ka ba. Ko ka sa hannu, ko su jira damina." Ba zan yi muku ƙarya in ce nan take na zaro alƙalami ba. Ina da iyali, kuma mai furfura ba ya samun sabon aiki da sauƙi. Na yi ta tunani daga nan har Korgom. A Korgom na tsaya gindin wata bishiyar bedi, na ɗora takarda kan tankin moto na rubuta cewa ni Sani wata biyar ban ga akuya ko ɗaya a ƙauyen nan da idona ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Takardar ta hau sama ta sauko, aka tattaro buhunan da suka rage a Mayahi. Kwana goma sha tara abin ya ɗauka. An karɓe mini moto, saboda haka a kan amalanken dusar na tafi, ina zaune bisa buhu kamar kaya. Na yi sallama, na jira aka amsa, na shiga. Awaki sha biyu na samu. Su sha biyun sun ga damina, jikokinsu na nan har yau suna cin takardun ma'aikata. Na duba gindin turmi ba kowa. Inna Tabawa ta ce ta tafi shekaranjiya da hantsi.

Ba a kore ni ba. An zauna an yi shawara a kan hukuncin da ya fi kora zafi, aka ce in riƙa koyar da sababbin ɗauka. Ga ni nan a gabanku.

Yanzu mai tabarau, taso ka ɗauki sandar da ka ce ta lalace. Rage ƙarfinta har ƙasa. Bar tebur, zo nan, nuna ta aljihun rigata na hagu. Karanta wa 'yan uwanka ƙarshen lambar da ƙarfi. Ɗari biyu da huɗu. Sandar lafiyarta lau, talatin da ɗaya ta ji, talatin da ɗaya ta faɗa. Ita kunne take ƙirgawa. Ko akwai akuya a jikin kunnen, ko tana tsaye, ko ta ci abinci, wannan ba a sa mata a ciki ba, shi ya sa ake ba ku moto. Jiya ba wanda ya ɗaga kai daga gilashi ya tambayi inda ta talatin da ɗayan take.

Na san doka ta ce a mayar da ɗan kunnen nan biro, ni na koya muku dokar da safe. Amma ba biro aka ba ba. Ranar da na kai dusar, da aka gama sauke buhuna, Inna ta kwance bakin zanenta ta ciro shi, da tsirkiyarsa, ta kama hannuna ta sa a ciki ta rufe.

Ta ce, "Riƙe, Mushe. Ba ta bar ɗiya ba, ba ta bar 'yar uwa ba, kai za ka gada. Duk ran da ka matsa sandar ga za ta amsa maka, sai ka tuna ka shigo ka duba."

Inna Tabawa ta rasu tuni, sandar ma an canja ta sau uku. Lele kuwa har yau ba ta taɓa fashin ƙirga ba.